Birkin Ƙwaƙwalwa: Yadda Barci Ke Adana Karatun Da Muka Yi Da Rana

FILIN KIMIYYA

 Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato, abu na farko da ɗalibi ke sadaukarwa shi ne barcinsa. A ɗakunan kwana za ka ga fitilu a kunne har ƙarfe uku na dare. Wani ya tsoma ƙafa cikin bokitin ruwa, wani yana tauna goro, wani ya haɗa shayi mai kauri. Lissafin kowa ɗaya ne: duk awar da aka yi ana barci an yi asarar awar karatu. Darasinmu na wannan mako zai auna wannan lissafi a ma'aunin kimiyya. Za mu ga abin da ƙwaƙwalwa ke yi da karatunmu bayan mun rufe ido, da kuma wasu ƙwayoyi 'yan tsiraru da ke tsara wannan aiki, waɗanda sana'arsu ita ce cewa sauran su yi shiru.

Tsohuwar tambaya

A shekarar 1924 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell da ke Amurka, John Jenkins da Karl Dallenbach, sun sa ɗalibai biyu haddace jerin gaɓoɓi goma marasa ma'ana. Wani lokaci ɗaliban su haddace su kwanta barci, wani lokaci su haddace su ci gaba da harkokinsu na rana. Bayan awa takwas sai a gwada su. Idan barci suka yi, suna tuna fiye da rabin gaɓoɓin. Idan a farke suka wuni, kusan ɗaya kacal ke saura. Mutum biyu sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, amma an maimaita irin wannan gwaji sau da yawa a ƙasashe daban-daban da mutane masu yawa, kuma sakamakon bai sauya alƙibla ba: abin da aka koya aka yi barci a kansa ya fi zama.

Masana suna kiran wannan aiki ƙarfafa tunawa. Sabon abin da ka koya kamar ɗanyen tubali ne, ruwa kaɗan zai narkar da shi. Sai ya samu lokacin bushewa kafin a ɗora gini a kansa. Tambayar da ta ɗauki masana shekaru da dama ita ce: me ke faruwa a cikin kai lokacin barci da ke busar da wannan tubali?

'Yan zuga da 'yan birki

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kamar yadda Suzana Herculano-Houzel ta ƙasar Burazil da abokan aikinta suka ƙirga a 2009. Kowace ƙwaya tana da gangar jiki, da rassa masu karɓar saƙo, da wata doguwar waya mai kai saƙo gaba. Saƙon yana tafiya cikin wayar a matsayin ɗan bugun lantarki. Idan ya kai ƙarshe, sai ƙwayar ta fesa wani sinadari a mahaɗar da ke tsakaninta da ƙwaya ta gaba.

Ƙwayoyin sun kasu manyan gida biyu. Na farko su ne masu fesa sinadarin gulutamet, wanda ke ingiza ƙwaya ta gaba ta buga nata saƙon. Bari mu kira su 'yan zuga. Na biyu su ne masu fesa sinadarin GABA, wanda ke danne ƙwaya ta gaba ya hana ta bugawa. Su kuma mu kira su 'yan birki. Kada sunan ya rikita ku: wannan GABA taƙaitaccen sunan sinadari ne, babu ruwansa da gabar da ke tsakanin maƙiya. Eugene Roberts da Sam Frankel na cikin waɗanda suka fara gano shi a ƙwaƙwalwa a 1950. Idan GABA ya sauka a kan ƙwaya, yana buɗe wasu ƙananan ƙofofi, sinadarin kuloraid ya kwarara ciki, lantarkin ƙwayar ya yi ƙasa, sai ta kasa bugawa na ɗan lokaci.

A ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke sama, cikin kowace ƙwaya biyar kusan huɗu 'yan zuga ne, ɗaya ce 'yar birki. Sun yi kaɗan, amma ƙwaya ɗaya daga cikinsu na iya riƙe ɗaruruwan 'yan zuga a lokaci guda. Ga kuma iri-iri: Thomas Klausberger da Peter Somogyi na Jami'ar Oxford a Ingila sun lissafa fiye da iri 20 a wani yanki guda na ƙwaƙwalwar ɓera a 2008. Iri biyu ne za mu riƙe a wannan darasi. Na ɗaya su ne ƙwayoyin kwando, masu ɗauke da furotin da ake kira farbalbumin. Wayoyinsu na zagaye gangar jikin ɗan zuga kamar saƙar kwando, suna da saurin bugu matuƙa, kuma su ke yanke lokacin da zai yi magana. Na biyu su ne masu ɗauke da somatostatin, waɗanda ke kama rassan ɗan zuga, wato su ke yanke abin da zai ji. Ɗaya na riƙe baki, ɗaya na riƙe kunne.

Me ya sa birki ke da muhimmanci haka? Ku tuna makaɗin kalangu. Abin da ke mayar da bugu ya zama kiɗa shi ne ɗan shirun da ke tsakanin bugu da bugu. Idan babu wannan shiru, hayaniya ce kawai. Haka nan idan aka saki dubban 'yan zuga kowa ya buga lokacin da ya ga dama, babu wani tsari da zai fito. Amma idan 'yar birki ta danne su duka tare, sannan ta sake su tare, sai su buga tare. Daga nan ake samun amo mai tsari a ƙwaƙwalwa.

Allo da littafi

A can ƙasan ƙwaƙwalwa, ta wajen kunnuwa, akwai wani sashe mai suna hifokamfas, ɗaya a dama ɗaya a hagu. An ba shi sunan ne daga harshen Girkanci saboda ya yi kama da wani ɗan kifi mai kan doki. A 1953 wani likita a Amurka, William Scoville, ya cire yawancin wannan sashe daga ɓangarori biyu na kan wani matashi ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison don rage masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta ragu, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya riƙe sabbin abubuwan da suka faru da shi ba. Zai gaisa da mutum, bayan 'yan mintoci ya manta ya taɓa ganinsa. Duk da haka yana tuna abubuwa da yawa na ƙuruciyarsa. Brenda Milner, wadda ta daɗe tana nazarinsa, ta nuna wa duniya darasin da ke ciki: sabon abu ta hifokamfas yake shiga, amma tsohon abu ba a can kaɗai yake zaune ba.

Don haka ana iya kwatanta hifokamfas da allon aji, ɓawon ƙwaƙwalwa kuma da littafin rubutu. Allo na karɓar rubutu da sauri, amma gobe wani malami zai shigo da nasa darasin. Littafi na cika a hankali, amma abin da ya shiga cikinsa yana daɗewa. Dole a samu lokacin kwafewa daga allo zuwa littafi, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne lokacin da babu sabon malami a aji. Wannan lokaci shi ne barci.

An ga alamar wannan kwafewa ƙiri-ƙiri a 1994. Matthew Wilson da Bruce McNaughton a Jami'ar Arizona sun sanya siraran wayoyi a hifokamfas ɗin ɓeraye. Tun 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa akwai ƙwayoyi a wannan sashe da kowace ke bugawa idan ɓera ya iso wani wuri na musamman, binciken da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2014. Wilson da McNaughton sun ga cewa ƙwayoyin da suka buga tare lokacin da ɓera ke yawon neman abinci, sun sake bugawa tare bayan ya yi barci. Binciken da ya biyo baya ya nuna har jerin da suka bi ake maimaitawa, da sauri kusan ninki ashirin. Ɓera na kwance, ƙwaƙwalwarsa na tilawar hanyar da ya bi.

Kiɗan barci

Hans Berger, wani likita a garin Jena na ƙasar Jamus, shi ne ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a 1924, ya wallafa sakamakonsa a 1929. Na'urar tana zana layi mai hawa da sauka a kan takarda. Da wannan na'ura aka gano cewa barci ba abu ɗaya ba ne. Akwai barci mai sauƙi, akwai mai nauyi, akwai kuma wanda idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka bayyana a 1953, kuma a cikinsa aka fi yin mafarkai masu tsawo. Mutum na zagaya waɗannan matakai cikin kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. Barci mai nauyi ya fi yawa a rabin farko na dare, mai sauƙi da na mafarki kuma sun fi yawa wajen asuba.

A cikin barcin da ba na motsin ido ba, akwai amo uku da suka shafi adana karatu. Kowanne da wurin da yake fitowa, kowanne da saurinsa, kuma a kowanne akwai hannun 'yan birki.

Na ɗaya: igiya mai nawa

Wannan ita ce mafi girma kuma mafi jinkiri, ƙasa da bugu ɗaya a sakan. Mircea Steriade, ɗan asalin Romaniya da ya yi aiki a Jami'ar Laval ta Kanada, ya bayyana ta a 1993. A ɓawon ƙwaƙwalwa take tasowa. Ƙwayoyi masu ɗimbin yawa su yi tsit tare na ɗan abin da bai kai rabin sakan ba, sannan su farka su yi aiki tare, sannan su sake yin tsit. Saukar igiyar shi ne shirun, hawanta shi ne aikin.

Gajiyar da 'yan zuga ke yi bayan sun buga na taimakawa wajen kawo shirun, amma gajiya kaɗai ba za ta sa kowa ya yi shiru a lokaci guda ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Wisconsin, a ɗakin gwajin Chiara Cirelli da Giulio Tononi, sun nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin somatostatin na ƙara bugu dab da lokacin da shirun zai fara. Da aka zuga waɗannan ƙwayoyi, igiyoyi masu nawa sun ƙaru. Da aka danne su, igiyoyin sun ragu. Aikinsu ya yi kama da na manitan aji da ke buga tebur kowa ya yi tsit. Amfanin shirun shi ne, idan ya ƙare, kowa zai fara daga wuri ɗaya.

Na biyu: mazari

A tsakiyar shekarun 1930 Alfred Loomis da abokan aikinsa a jihar New York sun lura da wani zane da ke fitowa jefi-jefi a takardar mai barci: layi ya fara rawa a hankali, rawar ta yi faɗi a tsakiya, sannan ta sake tsukewa. Siffar ta yi kama da mazarin da kakanninmu mata ke kaɗi da shi bayan zare ya taru a tsakiyarsa, kuma da sunan mazari ake kiransa a kimiyyance har yau. Kowane mazari na ɗaukar rabin sakan zuwa sakan biyu, yana bugu 11 zuwa 16 a sakan.

Mazari na fitowa daga talamas, wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa wanda kusan duk saƙon ido da kunne da fata ke bi ta cikinsa kafin ya isa ɓawo. Talamas kamar zauren gida yake. A kewaye da shi akwai wata siririyar shimfiɗa da za mu kira ragar talamas, kuma ƙwayoyinta 'yan birki ne. A tsakiyar shekarun 1980 Steriade ya yi gwaji da kyanwoyi: da ya raba talamas da ragarsa, mazari ya ɓace daga talamas, amma ragar da aka ware ta ci gaba da yin amon mazari. Wannan ya nuna daga inda kiɗan ke farawa.

Yadda abin ke gudana ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne birki ke haifar da motsi. Ragar talamas ta fesa GABA a kan ƙwayoyin talamas masu isar da saƙo, lantarkinsu ya yi ƙasa sosai. Wannan saukar lantarki na shirya wasu ƙofofin kalsiyam da ke jikinsu, waɗanda ba sa iya buɗewa sai an fara danne ƙwayar. Da zarar GABA ya ƙare, ƙofofin su buɗe, kalsiyam ya kwarara, ƙwayar ta yi aman bugu a jere. Kamar baka da kibiya ne: ja da baya shi ke ba kibiya ƙarfin tafiya. Wannan bugu na zuwa wuri biyu. Yana hawa zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, yana kuma komawa ya sake zuga ragar, ita kuma ta sake dannewa. Zagaye ɗaya na ɗaukar ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan, shi ya sa ake samun bugu goma sha wani abu a sakan.

Mazari na da aiki biyu. Yana tsare ƙofar zaure don kada ƙarar waje ta ta da mai barci: wani bincike da aka yi a Amurka a 2010 ya nuna cewa mutanen da ƙwaƙwalwarsu ke yawan yin mazari sun fi jure hayaniya ba su farka ba. Sannan yana shirya ƙwayoyin ɓawo su karɓi saƙo. A 2018 masu bincike a Jami'ar Tübingen ta Jamus sun ga cewa idan mazari ya zo a kan hawan igiya mai nawa, ƙwayoyin kwando na ƙara aiki, na somatostatin kuma na ja da baya. Ma'ana an saki kunnen ɗan zuga, an tsare bakinsa. Wannan shi ne halin ɗalibin ƙwarai lokacin da malami ke bayani.

Na uku: karkarwa

Wannan ita ce mafi ƙanƙanta kuma mafi sauri, a hifokamfas take faruwa. A ɓera tana bugu 150 zuwa 250 a sakan, a mutum ta ɗan fi haka jinkiri, kuma duk tsawonta bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. György Buzsáki, ɗan ƙasar Hangare da ke aiki a Amurka, shi ne ya fi kowa nazarinta, kuma tun 1989 ya kawo ra'ayin cewa hifokamfas na ɗaukar saƙo a farke ya maimaita shi a barci. A cikin wannan karkarwa ne tilawar da muka ambata ke gudana.

Yadda take faruwa shi ne, tarin zuga ya taso daga wani yanki na hifokamfas ya faɗa wa na gaba. Da babu mai tsari, duk ƙwayoyin za su buga lokaci guda, abin da ya yi kusa da farfaɗiya. Sai ƙwayoyin kwando su shiga da saurinsu, suna dannewa suna saki, kusan sau ɗari biyu a sakan. Kowane saki 'yar taga ce ta kimanin kashi biyar cikin dubu na sakan, kuma ƙwayoyin da suka fi samun zuga ne kaɗai ke iya fita ta cikinta. A taga ta farko wasu su buga, a ta biyu wasu, a ta uku wasu. Ta haka jerin abin da ya faru ke fitowa bi da bi. Ku tuna abin da ke faruwa a ƙofar ɗakin cin abinci: idan babu mai tsare layi, turereniya ce, babu mai shiga cikin tsari.

Lugude

Duk wanda ya taɓa ganin mata uku na lugude a turmi ɗaya ya san cewa ƙarfin hannu kaɗai ba ya isa. Kowace taɓarya sai ta sauka a lokacinta, in ba haka ba su yi karo. Haka waɗannan amo uku suke. Igiya mai nawa ta hau, a kan hawanta mazari ya zo, a cikin kwarin kowane bugun mazari kuma karkarwa ta shiga. Wato hifokamfas na karanto abin da ke allo daidai lokacin da ɓawo ya buɗe littafi. Masu daidaita wannan lokaci, a ɓawo da talamas da hifokamfas, 'yan birki ne.

Ina hujja? Ga gwaje-gwaje huɗu.

A 2009 Gabrielle Girardeau da abokan aikinta a birnin Faris sun koya wa ɓeraye neman abinci a wani fili mai hanyoyi takwas. Bayan kowane darasi, idan ɓera ya kwanta, na'ura na katse duk karkarwar da ta fara da ɗan bugun lantarki. Ɓerayen sun yi barcinsu, amma koyonsu ya ja baya. Waɗanda aka ba su bugun bayan karkarwar ta wuce sun koya kamar kowa.

A 2005 Karl Deisseroth da Edward Boyden da abokansu a Jami'ar Stanford sun fito da dabarar sarrafa ƙwayoyin jijiya da haske, ta hanyar dasa musu wani furotin da aka samo daga gansakuka. Da wannan dabara, a 2017, masu bincike a Koriya ta Kudu ƙarƙashin Hee-Sup Shin, tare da Jan Born na Jamus, suka haska ragar talamas ɗin ɓeraye masu barci don haifar da mazari. Idan mazarin ya zo a kan hawan igiya mai nawa, washegari ɓerayen sun fi tuna abin da suka koya. Idan ya zo a wani lokaci daban, babu ƙari. Mazarin iri ɗaya ne, lokacin ne ya bambanta.

A shekarar 2017 ɗin dai, ɗakin gwajin Sara Aton a Jami'ar Michigan ya danne ƙwayoyin farbalbumin na hifokamfas bayan ɓeraye sun koyi wani darasi, sai darasin ya kasa zama. A 2018 suka juya gwajin: suka hana ɓeraye barci, amma suka riƙa kaɗa waɗannan ƙwayoyi da haske cikin tsari, sai tunawar ta tsira.

A mutane kuma, wani gwaji da aka yi a Jamus a 2013 ya sa masu barci jin 'yar ƙara mai laushi daidai kan hawan igiya mai nawa. Igiyoyin sun ƙara girma, mazari ya ƙaru a kansu, kuma da safe mutanen sun tuna kalmomin da suka haddace fiye da daren da ba a kunna ƙarar ba. Yawancin gwajin da ya shiga cikin ƙwayoyi ɗaya-ɗaya a ɓeraye aka yi shi, amma amon nan uku da haɗuwarsu an auna su a kan mutane ma.

Idan tsarin ya goce

A 2018 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun kwatanta matasa da dattawa. A wajen dattawa mazari na yawan zuwa kafin igiya ta kai ƙololuwa, kuma gwargwadon gocewar, gwargwadon mantuwar da aka yi cikin dare. An kuma gano tun 2007 cewa masu ciwon taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya na da ƙarancin mazari. Akwai wata irin farfaɗiya ta yara wadda yaro zai yi zuru na 'yan sakanni kamar ya tafi wani tunani, ita ma daga wannan zagaye na talamas da ɓawo take tasowa idan bugunsa ya wuce kima.

Wani zai ce, to ai sai a sha maganin da ke ƙara GABA. A nan akwai gargaɗi. Ƙwayoyin barci irin su diyazefam suna ƙara ƙarfin GABA a ko'ina cikin ƙwaƙwalwa ba tare da zaɓi ba. Suna sa mutum ya kwanta, amma suna rage barci mai nauyi, suna iya hana riƙe sabon abu, kuma jiki na sabawa da su har ya kasa rabuwa. A 2013 an gwada wani magani mai ƙara GABA a Jamus: barci mai nauyi ya ƙaru, amma tunawa ba ta ƙaru ba. Direban da ya danne birki ya ƙi ɗagawa ba ya zuwa ko'ina. Kada ɗalibi ya sha irin waɗannan ƙwayoyi sai da umarnin likita.

Abin da ɗalibi zai ɗauka

1. Ka yi barci a daren da ka koyi abu. Sabon karatu a daren farko ya fi buƙatar kwafewa.

2. Ka cika awanninka. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10. Farkon dare na da igiya mai nawa, ƙarshensa na da mazari mai yawa, don haka ko ta wane gefe ka yanke, ka yi asara.

3. Ka raba karatu kwana-kwana. Awa ɗaya kullum na tsawon mako na samun dare bakwai na kwafewa. Awa bakwai a dare ɗaya ba ta samun ko ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

4. Ka nisanci goro da kofi da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari daga la'asar. Dukansu na da kafin, wanda ke toshe aikin adenosin, sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana kawo jin barci. Rabin kafin ɗin da ka sha na nan a jikinka bayan kimanin awa biyar, kuma yana rage igiya mai nawa ko da ka samu ka yi barci.

5. Kada ka shiga aji da kwanan zaune. Wani bincike na 2007 a Amurka ya nuna cewa hifokamfas ɗin wanda bai yi barci ba yana raguwa da aiki wajen ɗaukar sabon abu.

6. Ƙailula na taimakawa. Gajeren barcin rana na iya kai mutum matakin da mazari ke fitowa, sai dai ba ya maye gurbin na dare.

7. Barci ba ya rubuta abin da babu shi a allo. Sai ka karanta, ka fahimta, ka gwada kanka, sannan ya samu abin adanawa.

Muna kuma roƙon malamanmu da shugabannin ɗakunan kwana su dubi wannan batu lokacin tsara karatun dare, musamman ga 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO. Kashe fitila a kan lokaci na cikin shirin jarrabawa.

Gwada kanka

1. Mene ne bambancin 'yan zuga da 'yan birki, kuma wane sinadari kowanne ke fesawa?
2. Ta yaya dannewar da ragar talamas ke yi ke haifar da bugu?
3. Jera amo uku na barci daga mafi jinkiri zuwa mafi sauri, ka faɗi inda kowanne ke fitowa.
4. Me gwajin Koriya ta Kudu na 2017 ya nuna game da lokacin zuwan mazari?
5. Me ya sa ƙwayar barci ba ta zama madadin barci na asali?

A rubuta amsa a takarda, a sa suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka a fitowa ta gaba. Shawara ɗaya: ku karanta darasin yau, ku amsa tambayoyin gobe da safe.